Tsakanin Darasi da Darasi: Mintocin da Ke Zubewa a Azuzuwan Kudancin Kano

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga birnin Kano ta nufi kudu, ya ratsa ƙasar Bebeji da ta Kiru, ya wuce Tudun Wada, ya keta dajin Falgore har ya karkata zuwa duwatsun Riruwai inda mazaunin ƙaramar hukumar Doguwa yake, in dai tafiyar tasa ta dace da hantsin ranar karatu, ba zai rasa jin ƙarar wani ƙarfe da ake duka a gindin bishiya ba, wanda galibi tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen darbejiya, aka danƙa wa wani yaro mai ƙwazo amanar bugawa. Wannan ƙara ita ce ke shelanta cewa darasi ya ƙare wani ya kama, kuma a kan takarda magana ta ƙare ke nan, domin jadawalin da ke manne a ofishin hedimasta ya nuna Lissafi ya sauka a daidai mintin da Hausa ta hau, ba ko ƙiftawar ido a tsakaninsu. Amma duk wanda ya taɓa riƙe alli a gaban yara 'yan shekara 6 ko 7 ya san cewa tsakanin saukar wancan da hawan wannan akwai wani lokaci mai tsawo wanda ba ya cikin jadawali, ba a rubuta shi a rajista, mai duba makarantu ba ya tambaya a kansa, alhali kuwa a cikinsa ne kaso mai yawa na karatun 'ya'yanmu ke salwanta kowace rana ta Allah.

A tsaya a bakin tagar wani aji biyu a duba. Yara sun cika ɗakin maƙil, kaɗan a kan benci, mafi yawa a ƙasa bisa buhunan da suka zo da su daga gida, kowa da jakarsa a cinya. Ƙarfe ya yi ƙara, malam ya ce a rufe littafin Lissafi a fito da na Hausa, sa'an nan ya juya musu baya ya goge allo, ya shiga rubuta sabon darasi tun daga sama. Kafin ya kai layi na uku, wata yarinya ta zazzage jakarta tana neman littafin da ta baro a gida; yara biyu suna jayayya a kan guntun fensir da uwarsu ta karya musu da safe; wani ya ciro reza yana fiƙe nasa, mutum huɗu sun kewaye shi suna jiran aro; wata ta miƙe tana jijjiga ƙaninta da ta goyo zuwa makaranta domin ya fara kuka; daga can baya ana ta kira, "Malam, ya ɗauke mini abin gogewa," "Malam, zan zaga." Monita ya tashi da tsumagiya yana barazanar rubuta sunan masu surutu, muryarsa ta ƙaru a kan hayaniyar. Malam ya waiwayo ya daka tsawa, aka yi tsit na ɗan lokaci, ya koma ga allo, hayaniya ta dawo sabuwa. Kafin a kai ga kowa ya buɗe littafinsa ya fuskanci gaba, sulusin darasin ya riga ya tafi, waɗanda ba su gama aikin Lissafi ba kuwa zukatansu na can kan lambobin da aka goge tun ba su kwafe ba.

Wannan malami yana iya zama mai tsoron Allah wanda bai taɓa makara ba, yaran kuma ba su yi komai ba face abin da ɗabi'ar ƙuruciya ta hukunta, domin yaro ƙarami, muddin aka bar hannunsa da idonsa da kunnensa babu aiki, to lalle zai sama musu aiki da kansa. Sai dai mai karatu ya yi wannan lissafi da kansa ya ga girman hasarar. Darasi a ƙananan azuzuwa bai cika wuce minti 30 ko 35 ba. In muka ƙaddara cewa a yini ana sauya aiki sau 8, tun daga shigowa bayan taron safe, da canjin darussa, da dawowa daga tara, kuma kowane sauyi ya ci minti 5 fiye da haƙƙinsa, to an rasa minti 40 a yini, watau darasi guda cur da ɗoriya. A mako minti 200. A zangon karatu mai mako 12 kuwa awa 40 ke nan. Manoman rani masu shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a ƙasar Bebeji zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, sun san cewa ruwa bai cika ɓacewa a tsakiyar fangali ba, a wajen karya shi daga wannan fangali zuwa wancan yake malalewa in mai ban-ruwa ya yi sakaci, kuma haka lokacin aji yake.

Masana tarbiyya na wasu ƙasashe sun daɗe da farga da wannan mas'ala. Wani Ba'amurke mai suna Jacob Kounin, bayan ya ɗauki hotunan bidiyo na azuzuwan firamare masu yawa ya zauna ya yi nazarinsu daki-daki, ya fitar da littafi a 1970 inda ya bayyana cewa bambancin malamin da ajinsa ke natse da wanda ajinsa ke hargitse bai rataya ga irin hukuncin da kowannensu ke yi wa mai laifi ba, ya rataya ne ga yadda na farkon ke toshe ƙofar laifin tun bai shigo ba, ta hanyar sanin abin da ke gudana a kowace kusurwa ta ɗaki, da tafiyar da aiki ba tare da tsinkewa ba, da guje wa barin wani aiki a rataye a tsallaka wani sa'an nan a komo masa. A 1979 wani mai bincike, Marshall Arlin, ya tarar cewa rashin natsuwar yara a lokacin sauyin aiki ya kusan ninka na tsakiyar darasi. Bankin Duniya ma, a wani nazari da ya buga a 2015 bayan an zauna a azuzuwa fiye da 15,000 cikin ƙasashe 7 na Latin Amurka da yankin Karebiyan, ya nuna cewa yayin da mizanin da ake so shi ne malami ya kashe kashi 85 cikin 100 na lokacin aji a kan koyarwa tsantsa, babu ƙasar da matsakaicinta ya haura kashi 65, saura kuwa ya tafi a kiran suna, da rabon takardu, da goge allo, da jiran a yi shiru, da fitar malami daga aji. Azuzuwan da aka auna a can galibinsu ba su kai namu cunkoso ba.

Ƙararrawa da jadawali baƙi ne a ƙasar nan, sun shigo tare da makarantar boko, wadda Hans Vischer, da Kanawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe ta farko ta gwamnati a Kano, a unguwar Nasarawa, a 1909. Muddar da ɗalibai suke kaɗan, malamai kuma suna fitowa daga kwalejojin horon malamai irin ta Wudil, inda ake tsare mutum shekaru ana koya masa yadda ake tsayuwa a gaban aji da yadda ake raba allo da yadda ake shigar da yara a fitar da su, al'amarin yana tafiya bisa tsari. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka tuɗaɗo fiye da ƙarfin malaman da ke akwai, aka ɗebi mutane da gaggawa aka yi musu horo na ɗan gajeren lokaci, daga baya kuma aka rufe babin takardar malanta mai daraja ta biyu aka mai da takardar NCE mafi ƙarancin sharaɗi, wadda ta fi waccan zurfin ilimin fanni amma, a ra'ayin da yawa daga tsofaffin malamai, ba ta kai ta gogar da mutum a sana'ar riƙon aji ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma kowa a Kiru ko Tudun Wada ya san azuzuwan da suka ninka wannan adadi har da ƙari. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, inda shi da kansa ya ambaci ƙarancin malamai da ɗimbin yaran da ke zaune a ƙasa. Gine-gine da kujeru da ɗaukar malamai wajibi ne a kan hukuma, kuma ba za mu daina nema ba. Sai dai yaron da ke aji ɗaya a bana ba zai tsaya da girma ya jira a gama gini ba, don haka tilas a duba abin da malami zai iya yi gobe da safe da abin da ke hannunsa.

A nan ne nake ganin mun yi wa kanmu rowar abin da muka gada. Ƙasar nan ba baƙuwar tara yara masu yawa a gaban malami ɗaya ba ce. Tun Bebeji tana zango a kan hanyar fatauci zuwa Gwanja, zamanin da aka haifi Alhassan Ɗantata a garin a 1877 ya kuma yi karatun allonsa a can, alarammomi ke riƙe da almajirai masu shekaru daban-daban da matsayin karatu daban-daban a zaure ɗaya, ba ƙarfen da ake bugawa, amma babu almajirin da bai san abin da ke biye da abin da yake yi ba. Wanda ya iya karatunsa ya matso ya biya wa malam; in malam ya gamsu ya ce ya wanke; ya tashi ya je inda ake wanke allo, ya wanke, ya jingine shi a rana; kafin ya bushe yana nan yana tilawar na baya, domin ba a yarda bakinsa ya zauna haka nan ba; in ya bushe ya ɗauko tawada da alƙalami ya rubuta, ko kuwa gardi ya rubuta masa in ƙolo ne wanda bai wuce babbaƙu da farfaru ba; sa'an nan ya kawo a duba rubutun a ɗora masa ƙari. Zaman karatu kansa an ɗaure shi da lokutan salla, na bayan asuba, da na bayan azahar, da na dare a gefen wutar kara, ta yadda jikin yaro ma ya san lokacin zama da na tashi. In an zo tashi kuwa ba a watsewa haka kawai, sai an haɗa murya an yi addu'a tare, wadda kowane yaro ya san da jin farkonta cewa zama ya zo ƙarshe, ya fara tattara allonsa cikin ladabi. Wanda ya lura zai ga cewa a wannan nizami babu wani gurbi da aka bari fanko tsakanin aiki da aiki, kuma malam bai ɗora wa kansa komai shi kaɗai ba, ya raba nauyi ga manyan almajirai, sa'an nan tartibin yau shi ne na jiya shi ne na gobe, har ya zama ba ya bukatar a faɗa.

Na san za a ce ai dorina ce ke riƙe da makarantar allo, kuma ba na musun cewa tana nan, har wani lokaci ta wuce haddi. Amma ita ce kashin da bai kamata a gada ba, kuma malaman Musulunci da kansu sun rigaye mu faɗin haka. Ibn Sahnun na Ƙairawan, ɗaya daga manyan Malikawa, a littafinsa na ladubban malamai ya ƙuntata wa mai koyarwa ƙofar duka ya sa mata iyaka. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi wasiyya da a bar yaro ya yi wasa bayan karatu don kada zuciyarsa ta mutu hazaƙarsa ta dushe. Ibn Khaldun kuwa ya ware fasali guda a Muƙaddima yana bayyana cewa tsanantawa ga mai koyo tana cutar da shi, tana koya masa kasala da ƙarya da yaudara saboda tsoron hannu. Tsawa da tsumagiya suna sayo shiru na minti ɗaya, kuma dole a sake saye bayan minti biyar da farashi mafi tsada, har ranar da yaro zai gwammace ya bi yayansa gona da ya zo aji.

To, mene ne malami zai yi? Abu na farko da na ga yana aiki a hannun ƙwararru shi ne sanarwa kafin ƙarshe. Babba ma in aka fizge masa aiki yana tsaka da yi ransa yana ɓaci, balle yaron da ya sha wahala kafin ya daidaita fensir a yatsunsa. Malamar da ta san aikinta, in ya rage minti biyu ko uku, sai ta ce, "Saura kaɗan mu rufe. Wanda bai gama ba ya sa ɗigo a inda ya tsaya, gobe daga nan za mu tashi." Da wannan 'yar magana ta cire wa masu nawa fargabar an bar su a baya, ta kuma ba masu sauri damar kammalawa. Ba ta goge allon nan take, domin tun da safe, ko lokacin tara, ta raba shi biyu da layin alli ta rubuta darasi na gaba a ɓangare ɗaya, saboda haka ba ta da bukatar juya wa yara 80 ƙeya na tsawon minti biyar. Wannan raba allo shi kaɗai, wanda ba ya cin ko kwabo, yana iya maido wa aji kaso mai kyau na abin da yake rasawa.

Sa'an nan sai alama guda tabbatacciya wadda ba ta canzawa, da yara za su sani cewa in ta zo, kowa ya saki abin da ke hannunsa ya dubi malam. Mu kuwa Hausawa ba mu da talaucin irin waɗannan alamu. A taron ɗaurin aure ko na sulhu, in hayaniya ta yi yawa, dattijo ba ya cewa a yi shiru sau goma, sai ya ce a yi wa Annabi salati, nan take bakunan da ke surutu su shagala da amsawa, in an gama amsawa kuma sai shiru ya sauka da kansa. Kaka in za ta fara tatsuniya tana da kalmar buɗewa da jikoki ke amsawa baki ɗaya, tana da ta rufewa, kuma babu yaron da aka taɓa duka kafin ya koyi amsa su. Hikimar ita ce a ba bakin yaro abin faɗa maimakon a umarce shi da rufewa. A makarantun da ke haɗe da 'ya'yan Musulmi da na Kirista, kamar yadda ake samu a wasu ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada, tafi mai ƙa'ida yana wadatarwa: malam ya tafa sau biyu, aji ya amsa da sau uku, hannuwa su koma kan cinya. Sharaɗin kawai shi ne kada malam ya fara magana sai alamar ta cika, kada kuma ya yawaita ta har ta zama abin wasa. In shiru ya samu, sai umarni ya zo ɗaya bayan ɗaya, kuma a faɗe shi tun kafin kowa ya motsa: "Idan na ce bismilla, littafin Lissafi ya shiga jaka." A jira ya shiga. "Yanzu littafin Hausa a kan cinya, a rufe." Yaro ɗan shekara 6 ba ya riƙe umarni huɗu a jere, na farko yake kamawa ko na ƙarshe, na tsakiya kuwa su ne ke komawa tambayoyi da rigima.

Batun fensir da littattafai kuwa, maganinsa irin na tsangaya ne, watau raba nauyi. Maimakon monita ɗaya mai tsumagiya wanda aikinsa kama laifi, a naɗa wa kowane layi shugaba wanda aikinsa hidima: shi ke karɓo littattafan layinsa ya raba, shi ke tattarawa, shi ke riƙe gwangwanin da aka zuba fensira biyu ko uku da aka fiƙe tun safe domin wanda nasa ya karye ya musanya ba tare da reza ta fito a tsakiyar darasi ba. A riƙa juya wannan matsayi mako-mako, 'yan mata da maza, har mai rauni a karatu ya samu rabonsa, domin sau da yawa yaron da ya fi kowa tayar da hankalin aji shi ne wanda ya fi kowa iya rabon littafi in aka ba shi amana.

Mafi wuyar sauyi a yini duka shi ne dawowa daga tara. Yara sun fita sun yi guje-guje a rana, mai kuɗin tara ya sayi awara ko ɗanwake ko guntun rake a wajen masu talla a bakin makaranta, marar shi ya tsaya yana kallo, wasu sun ruga gida shan ruwa domin makarantar ba ta da rijiya, kuma a cikinsu akwai waɗanda ba za a sake gani ba sai gobe, musamman ranar kasuwa, ko da damina lokacin noma, ko da kaka lokacin girbin masara da shinkafa da yankin Doguwa da Tudun Wada ya shahara da su. Waɗanda suka dawo suna shigowa ne ɗaɗɗaya, da gumi da ƙura da ƙarar wanda ya ture wani. Malamin da ya zauna a ofis sai an gama shiga sa'an nan ya taho, ya riga ya sayar da rubu'in awa. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa tun ƙarfe bai yi ƙara ba, ya jera su layi biyu a inuwa, ya shigar da su layi-layi suna rera ƙidaya ko baƙaƙe da wasula, ya kuma tanadi wani ɗan aiki mai sauƙi a allo wanda duk wanda ya zauna zai fara ba sai an ce masa ba, kamar kwafe kalmomi uku ko zana abin da sunansa ya fara da wani harafi, to wannan ya sa mai makara ya tarar da aji yana aiki, ya shige a hankali ya zauna, maimakon ya tarar da kasuwa ya ƙara mata murya. Haka nan in darasi biyu masu nauyi suka biyo juna, minti ɗaya na miƙewa tsaye da ɗaga hannuwa da taɓa gwiwa ba ɓata lokaci ba ne, hakkin jiki ne wanda in ba a biya shi da izini ba zai karɓa da ƙarfi.

Akwai kuma waɗanda wannan al'amari ya fi shafa fiye da kowa, su ne sababbin shiga. Yaron da ya zo aji ɗaya daga ɗakin uwarsa bai taɓa jin an ce lokaci ya yi a daina wannan a kama wancan saboda wani ƙarfe ya yi ƙara ba. 'Ya'yan Fulani na rugagen da ke kewayen Falgore, waɗanda domin irinsu aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa a 1989, da yawansu suna zuwa ne da Fulatanci a baki, Hausar malam ma sai a hankali, balle Turanci. Irin wannan yaro yana fahimtar tafi da ɗaga hannu da waƙar shiga aji tun kafin ya fahimci jumla, kuma ranar da ya gane cewa ya san abin da zai faru nan gaba, ranar ce tsoron makaranta ke fita daga zuciyarsa. Saboda haka makonni biyun farko na shekara, a ganina, ya kamata a sadaukar da kaso mai kyau daga cikinsu ga koyar da waɗannan ɗabi'u kamar yadda ake koyar da alwala, a nuna, a gwada, a gyara, a maimaita: yadda ake shiga, yadda ake fito da littafi, yadda ake neman izinin zagawa da ɗaga yatsa ba da kira ba. Malamin da ke ganin wannan jinkiri ne ga manhaja zai biya ninkinsa a sauran shekara.

Sababbin hanyoyin koyarwa da ke shigowa jihar sun ƙara wa wannan magana nauyi. Shirin KaLMA, wanda aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil bisa tsarin da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta ƙirƙiro na koyar da yaro daidai matsayinsa, ya riƙa raba yara rukuni-rukuni gwargwadon abin da kowa ya iya, ana tashi daga aikin aji duka zuwa na ƙananan ƙungiyoyi zuwa na mutum ɗaya cikin zama guda. Hanya ce mai fa'ida, kuma mai tunani zai ga kamanninta da tsarin allo inda kowa ke kan nasa karatu; amma tana ninka yawan tashi da zama, ta yadda malamin da bai mallaki sauyin aiki ba, in aka ce ya raba yara 90 rukuni shida, rabon kaɗai zai cinye darasin.

Wani gurbin kuma ba a hannun malamin aji yake ba, a hannun hedimasta yake. A makarantun da malamai ke karɓa-karɓa bisa fanni, sau da yawa mai fita yana fita da bugun ƙarfe, mai shigowa kuwa yana can wani aji, ko yana kan babur daga garin da yake zaune, ko ma shi ɗin ne ke riƙe da aji biyu a lokaci guda saboda ƙarancin ma'aikata. Ba na ɗora laifi a kan mutumin da ke yin tafiya mai nisa kullum a kan albashin da bai kai ƙarshen wata ba. Amma ƙa'ida mai sauƙi tana rage ɓarnar: kada malami ya bar ƙananan yara sai ya miƙa su hannu da hannu ga na bayansa, in kuwa tilas ta sa, ya bar musu aiki bayyananne a allo da shugabannin layi masu sanin abin yi, kuma aji ɗaya zuwa uku, gwargwadon iko, a bar su a hannun malami guda yini duka, domin shi ne zai san inda ya tsaya da inda zai ɗora.

Kirana ga sakatarorin ilimi na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, shi ne jami'in da aka aika duba makaranta kada ya tsaya ga rajista da littafin shirin darasi, ya zauna a bayan aji ya dubi agogonsa daga bugun ƙarfe zuwa lokacin da yaro na ƙarshe ya fara aiki, sa'an nan ya zauna da malamin cikin mutunci su duba yadda za a rage. Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso da sauran masu yaye malamai su sa wannan cikin abin da ake ba ɗalibi maki a kansa lokacin gwajin koyarwa. Hedimastoci su ware rabin awa a mako malamai su shiga ajin junansu su ga yadda gwani a cikinsu ke yi, domin kusan kowace makaranta tana da irin wannan gwani, sau da yawa wata malama ce ta aji ɗaya da ba a taɓa tambayarta ba. Ku kuma iyaye da 'yan kwamitin makaranta, ku duba jakar yaro da daddare ku tabbata littafinsa da fensirinsa a fiƙe suna ciki, ku ba shi ruwa a gora don kada tara ta mai da shi gida, in kuma kun je makaranta ku tambayi malam minti nawa ajinsa ke ɗauka kafin ya natsu.